Rim ɗin aloyi ya karce, ɗaya kuma ya faɗa rami: a gyara ko a canja?

Abban Khadija, Tunfure

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana da waɗanda suka taɓa fuskantar irin wannan matsala. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2010, 'yar Amurka, wadda na saya a hannu, kuma ta zo da rim ɗin aloyi na kamfani mai inci 16. Tun ranar da na karɓe ta akwai karce a bakin rim uku daga cikin huɗun, irin wanda ake samu idan an goga ƙafar mota da kankaren gefen titi wajen yin fakin. A wasu wuraren kuma fentin ya fara ɓarewa, wani farin gari yana fitowa daga ƙarƙashinsa, kuma na lura yana ƙara yaɗuwa tun bayan damina.

Na huɗun ne ya fi damuna. A hanyata ta dawowa daga Kumo da daddare ƙafar gaba ta dama ta faɗa wani rami mai kaifin baki, kuma tun daga nan sitiyari yake rawa idan na kai gudun kilomita 90 zuwa 100, tayar kuma tana rage iska a hankali, duk da cewa mai faci ya duba bai ga ƙusa ba. Wani mai walda ya ce in kai masa ya gasa shi da wutar gas ya buga ya miƙe, wani mai fenti kuma ya ce zai fesa mini duka huɗun a yini ɗaya ba tare da an cire ko taya guda ba. Hankalina bai kwanta da ko ɗaya daga cikin maganganun nan biyu ba, domin da motar nake kai yara makaranta, da ita kuma muke zuwa gida Kaltungo da iyali. Ina so in san yadda ake gyaran karce na gaskiya wanda zai daɗe, sannan in san ko wanda ya faɗa ramin zai gyaru, ko kuwa in haƙura da shi. Allah ya saka da alheri.

Mai Fentin Mota, Bolari

Wa alaikumus salam, Malam. Zan yi magana a kan ukun da suka karce, domin wannan ita ce sana'ata, na huɗun kuwa akwai waɗanda suka fi ni sanin ƙarfe.

Farin garin da kake gani tsatsar alminiyam ce. Shi alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, fari yake yi, kuma da zarar karce ya buɗe fenti ruwa ya samu hanyar shiga, sai tsatsar ta riƙa bin ƙarƙashin fentin tana ɗaga shi. Saboda haka duk wanda ya fesa sabon fenti a kai ba tare da ya kankare wurin har ya iske lafiyayyen ƙarfe ba, ya rufe ciwo ne da ruɓa a ciki, kafin wata damina ta zagayo zai sake kumbura. Shi ya sa ban yarda da aikin yini ɗaya ba. Fesawar kanta ba ta cin lokaci, gyaran da ake yi kafin a fesa shi ne aikin.

Da farko a cire ƙafafun daga jikin motar, kuma in son samu ne a cire tayoyin gaba ɗaya, tunda tsatsar takan shiga har inda bakin taya yake zama. Idan hakan bai samu ba, a sace iskar, a danna bakin tayar ya sauka, a jera gutsattsarin kwali tsakaninta da rim, a rufe bawul da salatif. A wanke da ruwa da sabulu sosai ciki da waje, a goge da tina ko wani abin cire maiƙo, domin man da masu wankin mota suke shafa wa taya don ta yi sheƙi yana hana fenti kamawa, ko ɗan kaɗan ya rage za ka ga fentin ya yi ƙananan ramuka. Bayan nan sai sanfefa. Inda karcen ya yi kaushi a fara da mai lamba 180, idan ƙarfen ya taso ya yi ƙaya a iya somawa da 80 a wurin kawai, sannan a bi da 240 da 320, ana faɗaɗa gugar zuwa gefe domin kada a bar gaɓa tsakanin tsohon fenti da inda aka kankare. Ina gargaɗi a kan giranda, domin na sha ganin yara suna ɗaukarta don su gama da wuri, su cinye bakin rim ya zama siriri a gefe ɗaya, kuma abin da giranda ta ci ba ya dawowa.

Idan karcen ya yi zurfi har farce yana maƙalewa a ciki bayan an goge, a cike shi da bodi fila, wanda aka haɗa da garin alminiyam ya fi dacewa idan an samu, a shafa kaɗan kaɗan, ya bushe a goge, a ƙara idan da buƙata. Fila na gyaran fuska ne kawai, ba ya ɗaukar nauyi, don haka idan wani yanki na bakin rim ya gutsure ba aikin fila ba ne. Daga nan sai firaima, kuma a nan ne da yawa suke kuskure: alminiyam tsirara ba ya riƙe firaimar da ake sa wa jikin mota yadda ya kamata, akwai wadda aka yi dominsa mai ɗan asid a ciki da take cizon ƙarfen, ita ake fara fesawa sama sama, kuma a fesa ta da an gama guga, kada a bar ƙarfen ya kwana a buɗe. A bi da firaima ta biyu, ta bushe, a goge da 600 da ruwa har hannu ya ji santsi.

Launin azurfa a fesa shi sau biyu ko uku, kowanne mara kauri, daga nisan kamar taƙi ɗaya, a bar kimanin minti 10 tsakani. A ƙarshe sai kiliya, wato farin fenti mai sheƙi da yake kare na ƙasa, kuma wadda ake haɗa ta da hadina, wato ruwan da yake sa ta yi tauri, ta fi ta gwangwani jure zafin birki da duwatsun hanya nesa ba kusa ba. Shawarata ita ce a fesa fuskar rim ɗin duka, kada a tsaya a wurin karcen, domin da wuya sabuwar azurfa ta yi daidai da wadda ta sha rana shekara da shekaru.

Yanayin garinmu Gombe ma yana da nasa hukuncin. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce abokiyar gaba, sai an yayyafa wa ƙasa ruwa an rufe wurin. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake kaiwa digiri 40, idan rim ya sha rana fentin yana bushewa tun bai kwanta ba ya yi gurji gurji, don haka da sassafe ake fesawa kuma a inuwa. A Agusta kuwa laima tana sa kiliya ta yi hazo. Bayan an gama a bar su aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin a mayar da taya, kuma kada a kai wanki sai bayan mako guda. Abu na ƙarshe da ba na wasa da shi: hadinar nan tana da sinadarin da yake lalata huhu ya jawo asma, ƙyalle ko takunkumin asibiti ba sa tare shi, don haka idan ba ka da takunkumin fenti na gaske ka yi guga da kanka a gida, fesawar ka bar wa mai kayan aiki.

Injiniya, Fadaman Mada, Bauchi

Malam Abban Khadija, abin da mai fenti ya faɗa daidai ne, sai dai ina roƙonka ka jinkirta maganar fenti har sai ka san halin da rim na huɗun yake ciki. Rawar sitiyari tare da raguwar iska bayan faɗawa rami alama ce ta ɗaya daga cikin abubuwa biyu, ko dukansu: bakin rim ya lanƙwashe har taya ba ta zama daidai, ko kuma ya tsage. Galibi ɓarnar tana bakin ciki ne, ɓangaren da yake fuskantar ƙarƙashin mota, domin can ne babu sandunan da suke tokare shi, shi ya sa mutum zai duba ta waje ya ga komai lafiya.

Ka sa a cire ƙafar a tsoma ta cikin ruwa da iskarta, a lura da inda kumfa take fitowa, ko ta bakin taya, ko ta gindin bawul, ko ta jikin ƙarfen kansa. Sannan a ɗora ta a injin balansin a juya a hankali ana kallon bakin ciki, in akwai lanƙwasa ido zai gan ta. Domin gano tsaga kuwa akwai wata tsohuwar dabara ta ma'aikatan jirgin ƙasa da har yanzu take aiki: a cire taya, a wanke rim ya bushe, a shafa kananzir a inda ake zargi a bar shi ya ɗan jima, a goge shi tas, sannan a shafa garin alli. Idan akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige cikinta zai dawo ya jiƙa allin ya zana layi. Ka kuma duba gefen tayar, in ta yi ƙari to zaren cikinta ya tsinke, kuma wannan ba ta da gyara.

Game da wutar gas, amsata ita ce kada ka yarda. Yawancin rim na aloyi na kamfani zubi ne na alminiyam da aka haɗa da silikon kusan kashi 7 cikin 100 da magniziyam ƙasa da rabin kashi ɗaya, kuma ƙarfinsa ba daga haɗin kaɗai yake ba. Bayan an zuba shi ana gasa shi a zafin kusan digiri 540 na tsawon sa'o'i, a tsoma shi a ruwa, a sake ɗumama shi a wajen digiri 150 zuwa 160 na wasu sa'o'in, kuma wannan tsarin ne yake ba shi taurin da yake ɗaukar mota da shi. Wutar mai walda tana warware wannan aikin a wurin da ta taɓa, ƙarfen ya yi laushi ya koma kusa da na tukunyar dalma, alhali a ido yana nan kamar yadda yake. Abin da ya ƙara wa lamarin haɗari shi ne baƙin ƙarfe yana yin ja ya sanar da maƙeri cewa ya yi zafi, alminiyam kuwa ba ya canja launi, yana nan fari har ya narke a digiri 660, haɗin da ake yin rim da shi ma yana fara sakin jiki tun kafin nan. Wanda yake aiki da ido kawai ba shi da hanyar sanin inda ya kai. Bugun guduma a sanyi shi ma yana haifar da ƙananan tsaga da ba a gani, waɗanda za su ci gaba da buɗewa a duk juyawar ƙafa.

Ba ina cewa ba a miƙar da rim ba ne. Ƙaramar lanƙwasa a bakin ciki tana gyaruwa a injin matsa da aka yi domin wannan aikin, ana juyawa ana aunawa da agogon awo, zafin ma idan an sa kaɗan ne kuma ana auna shi. In ba ka samu mai irin wannan injin a kusa ba, ka tambaya a Kano ko Jos ko Abuja. Tsaga kuwa, idan gajeriya ce kuma a bakin ciki, ƙwararren mai waldar agon yana iya ɗinke ta, domin fatar da take rufe alminiyam ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, kuma injin agon ne yake iya fasa ta ba tare da ya ƙona ƙarfen ba. Amma tsagar da ta taɓa sanda, ko tsakiya, ko ramin noti, babu wata walda da zan amince da ita. Ni a ra'ayina ma, rim ɗin da aka yi wa walda bai kamata ya koma gaban motar iyali da take bin hanyar Kaltungo ba.

Tsohon Direba, Tashar Dukku

Ƙanena, Allah ya tsare gaba. Ni na tsufa a kan hanyoyin nan, daga Gombe zuwa Yola da Biu da Potiskum, kuma abin da na gani shi ne mu masu haya ba ma barin aloyi a mota, domin rim na ƙarfe idan ya daki rami lotsewa yake yi, a buga shi a bakin hanya a ci gaba da tafiya, aloyi kuwa in ya tashi fashewa ba ya sallama. Ban ce ka canja naka duka ba, tunda motar gida ce kuma kana son kyanta, amma na huɗun nan kada ka kashe masa kuɗi. Ka nemi ɗan Beljiyam irinsa guda ɗaya, a Kofar Ruwa ta Kano ba a rasa irin waɗannan, tsohon kuma masu zubin tukwane suna saye a kan kilo.

In za ka saya ka tafi da naka a gwada. Corolla irin taka noti biyar ce, Camry ma biyar ce, amma tazararsu ba ɗaya ba ce, taka milimita 100 ce, ta Camry 114.3, ba sa shiga juna. Ka juya bayansa ka karanta faɗi da lambar da take bayan haruffan ET, wadda take nuna yadda rim yake zama ciki ko waje, su yi daidai da naka, ka nemi tambarin JWL, alamar ingancin rim ta Japan, a jikinsa, kuma ka yi hattara da wanda aka yi wa sabon fenti a ciki, domin sau da yawa walda ake ɓoyewa. Kada ka biya sai an juya shi a injin a gabanka.

Maman Sadiq, Federal Low-Cost

Assalamu alaikum. Na ƙaru ƙwarai da bayanan nan, kuma ina da ƙarin tambaya ga Malam mai fenti. Rim ɗin motata ba su taɓa gogar kankare ba, amma sun dushe sun yi dabbare dabbare kamar an watsa musu toka, kuma na fara ganin haka ne bayan da wani wurin wankin mota suka riƙa zuba musu wani ruwa daga jarka suna dirzawa da soson ƙarfe, suna cewa shi ne yake fitar da baƙin birki. Fuskar nawa ba fenti ba ce irin ta sauran, sheƙi take yi da siraran layuka kamar bayan faifan CD. Shin irin wannan ma sanfefa da fenti za a yi masa, kuma da me ya kamata a riƙa wanke su?

Mai Fentin Mota, Bolari

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ruwan jarkar nan in ba asid ba ne to soda ce, kuma dukansu suna cin alminiyam, soson ƙarfe kuma ya kankare kiliyar da take kare shi ya buɗe musu hanya. Ki hana su gaba ɗaya. Ruwa da sabulun mota da soso mai laushi sun isa idan ana wankewa a kai a kai, kuma a bari ƙafar ta huce daga zafin birki kafin a zuba ruwa.

Irin naki ana yanke fuskarsa ne a injin lata mai aiki da kwamfuta sannan a rufe da kiliya, layukan da kike gani sawun haƙorin injin ne, hannu ba ya iya mayar da su. Mai injin yana iya sake yanke shi, amma kowane yanka yana rage kaurin ƙarfen, don haka sau ɗaya ko biyu ake yi. Idan ba a samu injin ba, a goge a fesa masa azurfa gaba ɗaya, kamanninsa za su ɗan canja amma fentin ya fi waccan fuskar jure ruwa.

Ina so in ƙara wa Malam Abban Khadija wani abu da ya shafi mayar da taya. Rabin karcen da ake kawo mini ba kankaren titi ne ya yi shi ba, ƙarfe da gudumar mai faci ne, don haka bayan an sha wahalar fenti a kai wurin mai injin cire taya. A kuma ce masa ya sa dalmar balansin ta mannawa a ciki maimakon ta maƙalawa a baki.

Abban Khadija, Tunfure

Na gode muku duka, Allah ya ƙara basira. Na bi shawarar Injiniya, mun tsoma ƙafar a ruwa kumfa ta fito ta bakin ciki, da aka cire tayar kuma aka yi gwajin kananzir da alli sai ga layi ya fito, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, a daidai inda ya lanƙwashe. Na ajiye shi, na sa safaya kafin in samu wani kamar yadda Baba direba ya ce, sauran ukun kuma zan kai a yi musu aiki a tsanake tare da sabon domin launinsu ya zo ɗaya. Injiniya, ko akwai abin da zan kula da shi wajen ɗaurawa?

Injiniya, Fadaman Mada, Bauchi

Madalla, Malam, ka yanke shawara mai kyau. Ka gaya wa mai fenti ya rufe bayan rim inda yake haɗuwa da hob, wato ƙarfen da ake ɗaura ƙafar a kai, da kuma mazaunin noti, kada fenti ya taɓa su, domin fenti yana lotsewa idan ya ji zafi da matsi, noti ya saki bayan an ɗaure shi. Motarka tunda 'yar Amurka ce akwai na'urar auna iska a gindin kowane bawul, domin dokar can ta wajabta wa sababbin ƙananan motoci tsarin lura da iskar taya tun daga Satumba 2007, don haka a cire ta tsohon rim a hankali a mayar a sabon, kuma a ja kunnen mai cire tayar kada ya karya ta. Ka yi amfani da notin Toyota na asali mai washa, wato ɗan faifan ƙarfe, a jikinsa idan rim na kamfani ka samu, domin mazauninsa shimfiɗaɗɗe ne, ba irin mai tsini na rim ɗin kasuwa ba.

A ɗaura notin da hannu tukuna, a bi su a tsallake ɗaya bayan ɗaya kamar zanen tauraro, a ƙarasa da sifana mai awo a kan 103 Nm, wanda shi ne ma'aunin da Toyota ta ba Corolla, kada a bari yaro ya hau kan sifana da ƙafa. Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake duba su. Tunda ramin ya iya tsaga ƙarfe, a duba alaimen da tayarod da shokozoba na wannan ɓangaren, iskar tayoyin kuma ka riƙa sa ta daidai da abin da aka rubuta a takardar da take manne a jikin ƙofar direba, ana aunawa da safe kafin mota ta yi tafiya.